Rawanin Soro: Kiristocin Amurka da Neman Dokar Bindiga

 An ɗora mini in yi magana a kan wani jihadi na baki da alƙalami da wasu Kiristocin Amurka suka daɗe suna yi don a kafa dokokin da za su taƙaita mallakar bindiga a ƙasarsu, kuma da yake ni almajirin fiƙihu ne wanda Allah ya ƙaddara masa zama na ɗan lokaci a tsakaninsu, zan faɗi abin da na karanta da abin da idona ya gani, in kuskure ya shigo, malamai su gyara.

Ranar Lahadi, 30 ga Yuni 1974, a majami'ar Ebenezer da ke birnin Atlanta, wata dattijuwa mai shekara 69 tana zaune gaban ogan, wato babban abin kiɗan da suke raka waƙoƙin ibada da shi, sai wani saurayi ya miƙe daga cikin jama'a ya buɗe wuta, ya kashe ta tare da wani dattijon majami'ar. Sunanta Alberta King, kuma ita ce mahaifiyar Martin Luther King, wanda shi ma harsashi ne ya yi ajalinsa a Memphis shekara shida kafin nan. A cikin wannan shekara ta 1974 ne hukumar da ke kula da al'amuran jama'a ta ɗariƙar Methodist ta tara ƙungiyoyi suka kafa gamayyar neman a hana ƙaramar bindiga, irin wadda ake sakawa a aljihu, gamayyar da ta sauya suna a 1989 ta ci gaba da aiki. Shekara guda bayan haka limaman Katolika na ƙasar suka fitar da tasu takarda a kan wannan ƙaramar bindigar. Saboda haka maganar da za mu yi ta haura shekara hamsin, kuma mafi yawan waɗanda suka fara ta sun riga mu gidan gaskiya ba su ga abin da suka nema ba.

Wajibi ne mu san girman masifar kafin mu auna maganin. Masu ƙididdigar ƙananan makamai da ke Geneva sun kimanta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato bindigogin sun fi mutanen yawa. A 2021 hukumar lafiya ta ƙasar ta lissafa mutum 48,830 da harsashi ya kashe, kuma tun daga 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. Abin da ya ɗaure hannun masu neman gyara shi ne gyaran fuska na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791, wanda ya ambaci haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa, kuma bayan malaman shari'a sun shafe zamani suna saɓani a kan ko wannan haƙƙi na mayaƙan sa-kai ne ko na kowane mutum shi kaɗai, Kotun Ƙoli ta yanke a 2008 cewa na kowane mutum ne. Daga ranar nan maganar hana bindiga gaba ɗaya ta mutu, abin da ya rage shi ne neman a binciki mai saye, a jinkirta masa 'yan kwanaki, a karɓe ta daga hannun wanda alƙali ya ga alamar zai cuci kansa ko iyalinsa, a kuma hana irin wadda aka ƙera don fagen fama.

To, me ya shigar da limaman coci cikin abin da ake gani sha'anin 'yan siyasa ne? Amsar da suke bayarwa gajeriya ce: su ne ke binne gawar. Wani fasto na ɗariƙar Presbyterian mai suna James Atwood, a jihar Virginia, ya rasa ɗaya daga cikin mutanen majami'arsa a 1975, lokacin da wani matashi ya harbe shi da ƙaramar bindiga, kuma daga wannan jana'iza ya shafe ragowar rayuwarsa yana wannan kira, har ya wallafa littafi a kai a 2012. A ƙasar akwai al'adar da ta zama abin ba'a, cewa duk lokacin da aka yi kisan gilla sai shugabanni su fito su ce suna tare da iyalan a zuci da addu'a, sa'an nan majalisa ta tashi ba ta taɓa komai ba. Waɗannan limamai, da yake addu'a ita ce sana'arsu, sun fi kowa jin zafin a mai da ita mayafin sakaci, sai suka riƙa tunatar da mutane abin da ke cikin wasiƙar Yaƙub, inda aka zargi wanda ya ga ɗan'uwansa cikin yunwa da tsiraici ya sallame shi da fatan alheri kawai. Mu ma a nan mun san an ce a ɗaure raƙumi sa'an nan a yi tawakkali.

Amma hujjarsu da ta fi kama hankalina, wadda kuma na ɗauko sunan wannan lacca daga gare ta, tana cikin Attaura, a littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 22, inda aka umurci wanda ya gina sabon gida ya zagaye rufinsa da ɗan bango, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Duk wanda ya taɓa kwana a kan soro da bazara a Kano ko Zariya ya san wannan bango, shi ne magina ke kira rawani, kuma ya san cewa maigidan da ya ƙi yi wa soronsa rawani bai tura kowa ba, bai yi nufin kowa da sharri ba, amma ranar da yaro ya mirgino cikin barci babu wanda zai ce ba shi da laifi. Haka a littafin Fitowa, sura ta 21, an bambanta tsakanin san da ya soki mutum ba zato da san da aka riga aka san yana tunkuyi, aka gargaɗi mai shi bai ɗaure shi ba, aka ɗora wa na biyun hukunci mai tsanani. Da na ji wata fasto tana karantar da wannan a wani ɗakin taro na bayan coci, sai na ga kamar ina zaune a zauren malaminmu ana bitar babin saddu zari'a, wato toshe kafar da ke kai ga ɓarna ko da ita kanta kafar halal ce a asali. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, sun hana sayar da makami ga 'yan fashi da kuma a lokacin fitina tsakanin Musulmi, alhali inabi da takobi duk dukiya ce ta halal. Ya kuma inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani rauni. Ba a ƙwace masa kiban ba, an dai ɗora masa nauyin tsininsu, kuma a fahimtata iyakar abin da mafi yawan waɗannan Kiristoci ke nema ke nan a yau.

Kada ku ɗauka cewa abokan hamayyarsu marasa addini ne. Mafi tsananin masu adawa da su suna zaune a majami'u ranar Lahadi, musamman fararen fata 'yan bishara na jihohin kudu da ƙauyuka, waɗanda bincike ya nuna sun fi sauran jama'ar ƙasar mallakar bindiga, kuma su ma da nassinsu a hannu. Suna kawo Luka sura ta 22, inda Almasihu a darensa na ƙarshe da almajirai ya yi maganar sayen takobi, sai masu neman dokar su amsa musu da Matiyu sura ta 26, inda a cikin wannan daren ya tsawata wa wanda ya zare takobin ya sa ya mayar da shi kube. Masu adawar suna kuma kawo Nehemiya da maginan ganuwar Urushalima da suka yi aiki da makami a ɗamare. Suna cewa, kamar yadda mu ma muke da babin kare kai daga mai kawo farmaki, magidanci makiyayi ne a kan iyalinsa, kuma wanda ya tsaya yana kallo a yanka 'ya'yansa bai yi ibada ba. Suna da kuma abin nunawa. Ranar 5 ga Nuwamba 2017, da wani ya shiga majami'ar Baptist ta ƙauyen Sutherland Springs a Texas ya kashe mutum 26, maƙwabcin cocin ne ya fito da tasa bindigar ya harbe shi ya kore shi. A ƙarshen Disamba 2019, a wata majami'a kusa da Fort Worth, wani mai gadi na sa-kai ya kashe maharin cikin 'yan daƙiƙu, bayan ya riga ya kashe mutum biyu. Hatta baƙaƙen fata suna da dalilin yin ɗari-ɗari da doka, domin Martin Luther King da kansa ya nemi lasisin ɗaukar bindiga a 1956 bayan an jefa bam a gidansa, hukuma ta hana shi.

Adalci ya sa in kawo wannan duka, amma adalci kuma ya sa in ƙara abu biyu. Na farko, maharin Sutherland Springs kotun soja ta riga ta same shi da laifin dukan matarsa da ɗanta, doka ta haramta masa sayen bindiga, sai dai rundunar sojan sama ba ta aika sunansa cikin kundin bincike ba, ya je kanti ya saya kamar kowa. Wannan sa ne da aka san yana tunkuyi, igiyar ce ba a ɗaura ba. Na biyu, kuma wannan shi ne abin da masu maganar kare kai ba su cika son a tayar ba, cikin mutum 48,830 ɗin nan da na ambata, fiye da rabi su ne suka kashe kansu. Bindigar da aka saya domin ɓarawon dare, sau da yawa maigidan take kashewa ranar da baƙin ciki ya rufe shi, ko matarsa ranar da faɗa ya yi zafi, ko yaron da ya tsince ta a ƙarƙashin matashi. Mutumin da ya sha guba ko ya yanke jijiya yakan sami wanda zai kai shi asibiti, ya warke, ya yi nadama, ya rayu shekaru arba'in, amma kunamar bindiga ba ta barin wannan tazara.

Akwai wata hujja da wasu daga cikin masu neman dokar ke ji da ita, wadda ni ban gamsu da amfaninta ba, wato cewa bindiga ta zama gunki a ƙasar, ana dogara da ita maimakon Allah, ana yi mata hadaya da yara kamar yadda mutanen dā suka yi wa gunkin Molek. Atwood ya tafi a kan wannan, haka ma marubuci Garry Wills bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook da ke Newtown. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma kunnen Musulmi yakan ji daɗinta domin ta yi kama da babin shirki. Sai dai mun ga a garuruwanmu abin da kafirta abokin muhawara ke haifarwa, kuma ban taɓa jin manomin da aka kira mai bautar gunki ya ce a ƙara masa bayani ba. Fasto Rob Schenck, wanda ɗan bishara ne da ya yi suna wajen yaƙi da zubar da ciki, ya bi wata hanya dabam, ya tambayi mutanensa cikin harshensu ta yaya mai cewa rai abu ne mai alfarma tun yana ciki zai kwana da shirin ɗauke ran wani a aljihunsa, kuma ko da yake hakan ya jawo masa asarar abokai da masu ba da gudummawa, aƙalla an saurare shi.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wata Asabar da hantsi, wani abokin aikina ya kai ni filin ajiye motoci na wata ƙaramar majami'a, na tarar an kafa maƙera a tsakar fili: ga uwar maƙera a kan kututture, ga masaba da awartaki, ga wuta tana huci, sai dai ta gas ce, babu zugazugi babu gawayi. A gefe an jera bindigogin da mutane suka kawo da kansu, an riga an yayyanka kowace da zarto yadda ba za ta sake tashi ba. Maƙerin, wani ƙato mai gemu da rigar fata, ya kama guntun bakin bindiga ya tura cikin wuta har ya yi ja kamar gauta, ya ɗora a kan uwar maƙera, sai ya miƙa masabar ga wata mata baƙar fata da ke sanye da riga mai hoton ɗanta. Ta ɗaga da hannu biyu, bugun farko ya goce, na biyu ya zauna, daga nan ta yi ta bugu tana kiran sunan yaron, har maƙerin ya dafa kafaɗarta domin ƙarfen ya huce, sai an mayar da shi wuta. Kafin azahar wannan ƙarfe ya zama 'yar fartanya mai ƙota, irin ta shuka a lambu. Wannan aiki wani ɗan ɗariƙar Mennonite mai suna Mike Martin ne ya fara shi a Colorado a 2013, yana bin abin da ke cikin annabcin Ishaya game da zamanin da za a mai da kayan yaƙi kayan noma, kuma tun kafin shi majalisar Kiristocin Mozambik ta yi irinsa daga 1995, tana karɓar bindigogin yaƙin basasa tana ba da kekuna da kekunan ɗinki da garemani. Na tambayi maƙerin ko bindiga nawa za ya narka kafin miliyan 393 su ƙare, ya yi dariya ya ce shi ba lissafi yake yi ba, matar nan yake wa aiki.

Idan aka zo ga majalisar tarayya, ribar da suka samu kaɗan ce. Bayan an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook ranar 14 ga Disamba 2012, limaman Angalika na ƙasar suka kafa ƙungiyarsu, aka yi ta jerin gwano da kaɗa ƙararrawa, amma a Afrilu 2013 ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya sami ƙuri'a 54 a majalisar dattawa, alhali 60 ake bukata, ya faɗi. Sai a Yuni 2022, bayan kisan gilla na Buffalo da na Uvalde, aka sami doka ta farko mai ɗan nauyi cikin kusan shekara talatin, wadda ta tsananta bincike a kan mai saye da bai kai shekara 21 ba, ta kuma mai da sayen bindiga a madadin wanda aka haramta wa babban laifi, kuma kwana biyu kafin a sa mata hannu Kotun Ƙoli ta soke dokar New York mai taƙaita yawo da bindiga a titi. A Nashville, inda aka kashe yara uku 'yan shekara tara da manya uku a makarantar coci a Maris 2023, iyayen yaran, waɗanda yawancinsu masu ra'ayin riƙau ne, sun cika harabar majalisar jiha, aka kira zama na musamman, aka watse ba a ba su abin da suka roƙa ba.

Inda suka ga amfanin guminsu shi ne kusa da gida. A Boston, bayan 'yan daba sun kutsa cikin wata majami'ar Baptist ana tsakiyar jana'iza a 1992 suka yi harbi da sara, wasu fastoci baƙaƙen fata suka fara yawon dare a unguwannin da kowa ke tsoro, suna zama da yaran, daga baya suka haɗa hannu da 'yan sanda, kuma kisan kai a birnin ya sauko daga 152 a 1990 zuwa 31 a 1999, ko da yake masana suna saɓani a kan kason da ya kamata a ba fastocin. A Philadelphia, a Janairu 2009, an kama mutum 12 na majami'u da suka zauna a ƙofar wani kantin bindiga suna neman mai shi ya sa hannu a ƙa'idojin hana sayarwa ga masu saye a madadin wasu, alƙali ya sallame su, kuma kafin shekara ta ƙare masu gabatar da ƙara na tarayya suka tuhumi kantin, ya rufe. Mata masu zaman zuhudu na Katolika kuwa dabara suka yi irin ta 'yan kasuwa: suka sayi hannun jari a kamfanonin ƙera bindiga domin su sami bakin magana a taron shekara, har a 2018 mafi rinjayen masu jarin Sturm Ruger suka goyi bayan ƙudurinsu na a rubuta rahoto a kan ɓarnar da kayan kamfanin ke yi. Kamfanin ya rubuta, ya ci gaba da sana'arsa.

Na san abin da ke ran wasunku, domin mu ma an kawo mu gaɓar wannan tambaya. A Maris 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce jama'a su kare kansu, a Yuni 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, alhali dokar makamai ta 1959 tana nan ba a soke ta ba. Ba zan yi wa mutumin da aka ƙone ƙauyensa wa'azin Philadelphia ba, domin duk hujjar waɗancan limamai ta ginu ne a kan samuwar hukumar da in an kira ta za ta zo. Abin da kawai zan roƙa shi ne mai ba da wannan fatawa ya tambayi waɗanda suka riga mu shiga, ya ji a hannun wa bindigar takan ƙare bayan shekara ashirin, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na bar Charleston a ƙarshe da gangan. Daren Laraba, 17 ga Yuni 2015, wani saurayi farar fata, wanda ba zan ambaci sunansa ba kamar yadda iyalan suka fi so, ya shiga majami'ar Emanuel ta baƙaƙen fata, aka ba shi kujera a darasin Littafi Mai Tsarki, ya zauna da su kusan sa'a guda, sa'an nan ya kashe mutum tara, har da limaminsu Clementa Pinckney, wanda ɗan majalisar dattawan jihar ne. Kwana biyu bayan haka wasu daga cikin iyalan suka tsaya a kotu suka ce sun yafe masa, duniya ta yi ta mamaki, jaridu suka yi ta yabo. Abin da ba a yayata sosai ba shi ne yadda ya sami bindigar. Dokar tarayya ta ce in binciken mai saye bai kammala cikin kwanakin aiki uku ba, mai kanti yana iya miƙa masa kayan, kuma shugaban hukumar FBI ya amsa da bakinsa cewa an yi kuskure a takardun wannan yaro, da an gano abin da ke cikinsu da ba a sayar masa ba. Sharon Risher, fasto ce, mahaifiyarta Ethel Lance tana cikin taran nan, ta faɗa a fili cewa ita yafiyar ba ta zo mata a kwana biyu ba, sai da ta yi kusan shekara biyu tana kokawa da zuciyarta, kuma a cikin waɗannan shekaru da bayansu ta yi ta hawa matakalar majalisa tana roƙon a tsawaita wa'adin. Majalisar wakilai ta amince a mai da shi kwana goma a 2019, ta sake amincewa a 2021, majalisar dattawa ba ta ɗauka ba, kuma a dokar tarayya wa'adin yana nan kwana uku.